Baƙon Gari, Baƙon Daji

'Ya'yana, tun daren da kuka zo zaurena ku huɗu kuka ce kuna so ku hau kekuna daga Kano har Yankari, maganar take yawo a raina. A daren ban ce muku komai ba sai "Allah ya sa albarka", domin na ga zumuɗi a fuskokinku, mai zumuɗi kuwa ko an faɗa masa ba ya ji. Yanzu da aka kwana biyu, ga abin da ke cikina. Ba hana ku zan yi ba. Ni ma na yi wannan tafiya ina sabon malamin makaranta, ni da wani abokin aikina, Allah ya jiƙansa, a kan baƙin Raleigh ɗin da na saya da rancen keke. A lokacin Birnin Kudu tana cikin jihar Kano, don ba a yanki Jigawa ba sai 1991. Bayan haka na sha bin hanyar nan a mota, amma duk sa'ad da na tuna ta, abin da na gani daga kan sirdin keke shi ne ke zuwa mini.

Mai mota wucewa yake yi, garuruwa suna gilma masa ta gilashi. Mai keke kuwa dole ya tsaya. Ƙishirwa za ta tsayar da shi, faci zai tsayar da shi, dare ma haka, kuma duk inda ya tsaya a hannun mutane yake. Saboda haka abin da nake so ku riƙe tun daga gida shi ne, ku baƙi ne daga ranar da kuka fita Ƙofar Nassarawa har ranar da kuka dawo. Sauran maganata duk a kan wannan za ta hau.

Ku fara da iyayenku. Kada ɗayanku ya tafi a kan "ai na faɗa musu", sai a kan "sun yarda". In mahaifiyar wani ta ce hankalinta bai kwanta ba, to ya haƙura, hanya tana nan. Tsoron nata kuma yana da tushe. Zamanin da muka yi tamu tafiyar, kura da maciji ake tsoro a daji. Yau dazuzzuka da yawa na Arewa sun zama mafakar 'yan bindiga da masu satar mutane. Dajin Kamuku na Birnin Gwari gandun daji ne na ƙasa, amma shekaru ke nan baƙo ba ya shigarsa da kwanciyar hankali. Falgore da Lame-Burra sun sha shiga labarai, ƙauyukan ƙasar Alkaleri ma, inda Yankarin take, an kai musu hare-hare. Don haka labarin hanya na wata uku da suka wuce ya riga ya tsufa. Ku je tasha ku zauna da direbobin da ke bin hanyar kullum, ku saya musu shayi, ku tambaye su. Su suka san inda ake bi da rana tsaka, da inda ba a bi bayan la'asar. In sun ce wannan yankin ku ɗora kekunan a mota, ku ɗora, babu abin kunya a ciki. Sannan wayoyin nan naku: kada ku sa hoton wuri a Facebook sai kun bar shi, kada kuma ku rubuta wa duniya inda za ku kwana gobe. Mutum ɗaya a gida ya san wannan, ya isa.

Ku tafi cikin sanyi, Disamba ko Janairu. Za a gaya muku an fi ganin namun daji daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, ruwa ya ƙafe, kowace dabba ta gangaro bakin kogin Gaji da ke cikin Yankari. Gaskiya ne, amma zafin bazara a kan kwalta ba abin da ɗan Adam zai yi wasa da shi ba ne. Gara ku ga dabba kaɗan ku dawo da lafiyarku. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, ku kuwa kudu maso gabas za ku fara nufa, daga baya ku miƙe kudu, saboda haka a tafiya gefen hagu za ta riƙa dukanku, wani wuri har ta tura ku daga baya. A dawowa ne za ku san ƙarfinta. Ku tashi da zarar kun sallame asuba gari ya yi haske, ku yi rabin tafiyar yini kafin hantsi ya ɗaga, ku nemi inuwa da azahar, la'asar sakaliya ta same ku a garin da za ku kwana. Kano zuwa Bauchi wajen kilomita 300 ne. Kada ku ce a kwana biyu za ku cinye shi don a yaba muku. Ku ba shi kwana biyar, ko shida. Addini ma ya sauƙaƙa muku, malamanmu na Malikiyya sun ce tafiyar da ta kai mil 48 ana yi mata ƙasaru.

Keken da za ku hau, ku zaɓi wanda mai gyaran keke na ƙauye ya san cikinsa. Na ga na ɗayanku mai giya da yawa, ya yi kyau, zai kuma taimake shi a hawa, amma ya tambayi kansa in wani abu ya karye a tsakanin Birnin Kudu da Ningi, wa ke da irinsa a akwati. Kowa ya riƙe famfonsa, da tif biyu sababbi, da faci, da sholisho, da sufana, da filaya, da ɗan baƙin mai na sarƙa, domin ƙurar hunturu tana cin sarƙa. Kaya kuwa ku rage. Duk abin da kuka ɗaura a kariya, cinyoyinku ne za su biya kuɗinsa a kan tudu. Riga biyu, bargo, gidan sauro, tocila, katin shaida, maganin zazzaɓi, gishiri da sukari na haɗawa a ruwa in gudawa ta kama wani. Guzuri dabino da ƙuliƙuli da garin rogo sun wadatar, saura ku ci a hanya: ƙosai da kunu da safe, fura da nono da rana. Ruwa ne kawai ba a yi masa rowa. Ku cika gora duk inda kuka samu famfo, ko da ba ta ƙare ba.

Abin da na fi ji muku tsoro bayan mugayen mutane shi ne manyan motoci. Ku bi gefen dama a jere, ɗaya bayan ɗaya, ban da jerawa kafaɗa da kafaɗa ana hira. Ku sa riguna masu haske saboda hazo. Tirela in ta wuce ku da gudu, iskarta za ta fara tura ku waje, sannan ta jawo ku ciki, saboda haka ku riƙe kan keke da hannu biyu. Amma wadda ke bayanku tana ganinku, kuna kuma jin ta. Wadda ke kashe mai keke ita ce ta gaba, mai ƙoƙarin wuce 'yar'uwarta. A wata kwana bayan Kachako na ɗaga kai na ga manyan motoci biyu sun cika titi suna tahowa kaina, ɗaya tana neman wuce ɗaya. Na karkata na faɗa rami, ni da keke da kaya. Fatar hannuna ta dama ta saɓule daga gwiwar hannu zuwa wuyansa, tabon yana nan, kun sha ganinsa in ina alwala. Direban ko waiwaye bai yi ba. Tun ranar na san cewa a kan titi mai keke ba ya jayayya a kan hakkinsa. In kun ga haka ku sauka daga kwalta tun da nisa.

Wudil ce zangonku na farko, wajen kilomita 40. In kun haye gadar ku tsaya ku dubi kogin da masu kwalekwale da lambunan bakinsa. Ranar Juma'a kasuwar shanu ke ci, titi ya cika da motocin da ke lodi zuwa Kudu, don haka ko dai ku kauce wa ranar, ko ku yi niyyar yini ku ga kasuwar sosai. A Takai kuwa kada ku wuce kamar ba gari ba. Can ne Yusufawa, ɗaya daga cikin ɓangarorin da suka gwabza, suka yi sansani a lokacin Basasar Kano, 1893 zuwa 1895, kafin su komo su ci birni Alu Babba ya hau gadon sarauta. Tun kafin nan ma garin garkuwa ne ga Kano daga harin Ningawa. Ku riƙe wannan a ranku, zai yi muku amfani nan da kwana biyu.

Bari in ba ku labarin daren da ya fi kowanne zama a raina. Mun bar kwalta mun ratsa wata burtali don mu yanke, tsidau ya huda mini taya gaba da baya. Facinmu ya ƙare. Muka tura kekuna har wani ƙauye da ko sunansa ba a rubuta a bakin hanya ba, rana tana shirin faɗuwa. Abokina ya girme ni, ya kuma fi ni sanin duniya. Ya ce kada mu tambayi mai faci, mu tambayi gidan mai gari. Muka jingine kekuna a nesa da ƙofa, muka cire takalma, muka durƙusa muka yi gaisuwa, muka faɗi sunayenmu da na iyayenmu da unguwarmu da makarantar da muke koyarwa da inda muka nufa. Dattijon bai ce komai ba sai da muka gama, sannan ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya. Shi ya aika a kira mai gyaran. Mutumin ya zo da tsohon kwano, ya zuba ruwa, ya hura tif ɗin da baki, ya riƙa nutsa shi kaɗan kaɗan yana juyawa, yara sun kewaye shi da fitilar ƙwai. Duk inda kumfa ta taso sai ya soka tsinke. Huda bakwai ya ƙirga. Ya kankare kowace da ɗan dutse, ya shafa sholisho da ɗan yatsa, ya ajiye ya ci gaba da hira kamar ya manta. Na ƙosa na ce ya manna mana. Ya ce, "Malam, in ba ta sha iska ba, gobe da hantsi za ka sake nemana." Sai da ta bushe ya manna, ya danne da gindin sufana. Facin nan bai saki ba har muka dawo Kano.

A zauren mai gari muka kwana. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, da safe aka kawo kunu. Na sa hannu a aljihu zan ba da kuɗin abinci, abokina ya riƙe mini hannu ta ƙarƙashin riga. Ya buɗe jakarsa ya fito da goro da sabulu da ƙullin sukari, ya ce a kai cikin gida. Na ga yadda fuskar dattijon ta saki. Da kuɗi na miƙa, da na mai da gidansa gidan haya. Ku tanadi irin wannan 'yar tsaraba, ba ta da nauyi. Mai gyara ku biya shi hakkinsa ba tare da ciniki mai tsanani ba, mai masauki kuwa ku yi masa alheri da addu'a, ku karɓi lambarsa, in kun isa gida ku kira ku ce kun sauka lafiya.

Wannan ladabi a yau ya ma fi zama dole. Mutanen karkara sun ga abin da ya sa suke zargin baƙuwar fuska, ƙauyuka da yawa suna da 'yan sintiri, samari huɗu da jakunkuna suna ɗaukar hoto kuwa abin tambaya ne. Kada ku ji haushi in an tsare ku da tambayoyi. Ku shiga gari da sauran rana, ku nufi mai gari ko liman, ku yi sallar magariba cikin jama'a kowa ya gan ku. Da ɗan gari akan ci gari. A shingen jami'an tsaro ku sauka daga keke, ku yi gaisuwa, mutum ɗaya ya yi magana. Kada ku ɗauki hoton mace ko yaro ko cikin gidan mutum sai an ba ku izini.

A Birnin Kudu, wajen kilomita 130 daga Kano, ku kwana biyu in da hali. A cikin duwatsun da ke gefen gari, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen da mutanen da suka riga mu suka yi a jikin dutse, yawanci shanu ne da jan launi. Ku matsa kusa ku duba da kyau, za ku ga shanun ba su da tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kora a gindin dutsen yau ba ne. Wato kafin farar saniya mai tozo ta cika ƙasar nan, wasu shanun aka yi kiwo, wasu mutanen kuma suka ƙaunace su har suka zana su. Akwai kuma duwatsu masu amo, in an buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe, jikinsu duk ya lotsa saboda yawan bugu. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Ku nemi mai kula da wurin ya kai ku. Kada ku shafa zanen da hannu, kada ku watsa masa ruwa don ya fito a hoto, kada kuma wani ya ɗauki gawayi ya rubuta sunansa. Na ga inda aka yi haka, raina ya ɓaci ƙwarai, domin abin da ya jure rana da damina na ɗaruruwan shekaru, yaro ɗaya yana iya lalata shi kafin a sha ruwa.

Daga nan in kun karkata kudu kuka nufi Ningi, ƙasa za ta fara canja muku. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano za ta ƙare, duwatsu su fara tasowa, numfashinku ya fara gaya muku ana hawa. Ina koyar da tarihin Ningi a aji kafin in je, amma a cinyoyina na fahimce shi. Wasu malamai ne daga Tsakuwa ta ƙasar Kano, Malam Hamza yana jagorantarsu, suka bar gida a tsakiyar ƙarni na 19 bayan saɓani da hukuma a kan haraji, suka fake cikin duwatsun nan, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen dutse. Shekaru kusan hamsin Kano da Bauchi da Zazzau suna fama da su ba su iya murƙushe su ba, har Turawa suka zo a 1902. Mai mota zai ji wannan ya yi mamaki. Wanda ya tura keke a hawan nan, ya dubi lunguna da tsagogin duwatsun, ya tuna dokin yaƙi da lifidi a kansa, ba sai an yi masa bayani ba. Abin da nake roƙonku a nan shi ne, mu Kanawa da labarin harin Ningawa muka tashi, su kuwa nasu labarin na mutanen da suka ƙi sunkuyawa ne. In wani dattijo ya ba ku nasu, ku saurara har ƙarshe. A garinsa kuke, kakanninsa yake faɗa.

Kafin ku shiga Bauchi za ku bi ta Kafin Madaki. Ku nemi izini ku ga tsohon gidan Madaki, aikin magini Babban Gwani ne, an gina shi wajen 1860. Ku shiga soron ku ɗaga kai ku ga yadda aka ɗaure azara aka tayar da bakan gizo da ƙasa zalla, ba ƙarfe ba siminti, ku kuma ji sanyin da ke ciki da rana tsaka. Ɗayanku da ke karatun gine-gine ya zauna a nan ya daɗe.

Bauchi ku huta sosai, ku wanke kaya, ku kai kekuna a duba, ku ci masar da garin ya yi suna a kanta. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa birnin a 1809, sunayen ƙofofin ganuwarsa kamar Wunti da Ran da Wambai har yau su ake kwatance da su. Ku ziyarci kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Najeriya na farko, wanda aka kashe a Janairun 1966. Ta wani lungu mai duhu ake shiga, a bi a hankali ana hawa, sai a fito fili inda kabarin yake, sama a buɗe ba rufi. A gefe an ajiye 'yan kayansa. Malamin makaranta ne kafin siyasa, shi ya rubuta Shaihu Umar da kuka karanta a sakandare. Ni na tsaya a gaban kayan nan na daɗe, ina tunanin mutumin da ya riƙe ƙasa guda ya tafi bai tara abin duniya ba. Ku rage murya a wurin, ku yi masa addu'a kafin ku fito da waya.

Daga Bauchi hanyar Gombe za ku bi har Dindima, inda gada ta ratsa kogin Gongola, sannan ku karkata kudu. Daga Dindima zuwa Mainamaji, inda babbar ƙofar dajin take, kilomita 29 ne, daga ƙofa zuwa masaukin Wikki kuma wajen 42. A ƙofar nan tafiyar keke ta ƙare. Na san zai yi muku zafi, kun taka daga Kano kuna so ku ce da ƙafarku kuka isa bakin ruwan Wikki. Ku haƙura. Ku ba da ajiyar kekunan ko ku ɗora su a mota, ku bi abin da ma'aikatan wurin suka ce. Keke ba ya ƙara, saboda haka dabba ba ta jin zuwanku sai kun faɗo mata, ɓauna ko giwar da aka firgita kuwa babu mai keken da zai tsere mata. An keɓe dajin nan a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, a 2006 kuma ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Duk wannan fili an bar wa dabbobi ne. Yadda kuka durƙusa a ƙofar mai gari, haka za ku shiga nan.

Ruwan Wikki daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓulɓulowa, garau, kana tsaye ruwa iya ƙirji kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Ku shiga da sassafe lokacin da sanyi ke cizo, tururi na tashi a kansa, ku ji yadda gajiyar kwana bakwai za ta bar gaɓoɓinku. Ban da sabulu a ciki, ban da leda ko kwalba a bakinsa, domin ruwan nan gangarawa yake yi zuwa Gaji inda dabbobi ke sha. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. A masaukin za ku tarar da mugun dawa yana kiwo a tsakanin ɗakuna, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana tonon saiwa, in ya tsorata ya ɗaga wutsiya tsaye ya ruga. Za ku kuma tarar da gwaggon biri, shi kam ku kulle ƙofa da taga saboda shi. Ya san jaka, ya san leda, ya san mai tsoro. Kada ku ba shi abinci ko da wasa. Baƙin da suka riƙa miƙa masa biredi don su yi dariya su suka koya masa fizge, wanda ya zo bayansu kuma shi ke shan cizo.

Yawon ganin dabbobi da mota ake yi, tare da jagora. Ku yi shiru a cikinta. Gwambaza da mazo da gwanki da kanki, in Allah ya sa, za ku gani, dorina da kada kuma a wajen kogi. Giwa sai an dace. Mu sai a yini na biyu muka gan su, da yamma, sun fito daga kurmi za su tsallaka hanya. Jagoranmu ya ɗaga hannu direba ya kashe mota. Babbar uwa ce a gaba, ta tsaya ta fuskance mu, ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga hanci tana shaƙar iskarmu, 'yan ƙanana suna bi ta ƙarƙashin cikin manya suna wucewa. Ba ta gusa ba sai da na ƙarshe ya haye. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin ƙarar tafiyarsu, halitta mai wannan girma amma ba ka jin komai sai karyewar reshe. Garken giwayen Yankari yana cikin na ƙarshe da suka rage a Najeriya, zakunanta ma 'yan kaɗan ne suka saura, raƙumin dawa kuwa da kyarkeci tuni suka ƙare a dajin. In kun fita sau biyu ba ku ga giwa ba, kada ku matsa wa jagora ya bar hanya ya kutsa da ku, kada kuma ku ce an cuce ku.

Ku samu lokaci ku zauna da masu gadin dajin. Su ne ke kwana da kwanaki a ƙafa suna sintiri, wasunsu sun rasa rayukansu a hannun mafarauta. Ku gaishe su da girmamawa, ku yi musu alheri daidai ƙarfinku. In kun fito kuma ku saurari manomin da ke maƙwabtaka da dajin, wanda giwaye suka shiga gonarsa dare ɗaya suka cinye wahalar shekara. Ku da kuka zo kallo ba ku fi shi sanin giwa ba, kada ku yi masa wa'azi a kan son dabbobi. Dajin nan ba zai rayu ba sai da yardar irinsa. An ga haka a Nijar, a yankin Kure kusa da Yamai, inda raƙuman dawa suka ragu zuwa wajen 50 a 1996, amma da aka haɗa kai da mutanen ƙauyukan suka haura 600. Naman daji kuwa, ko ƙiri ko fata ko haure, in an yi muku tayi a bakin hanya ku wuce. Mai saye shi ke aika mafarauci.

In lokaci ya ba ku dama ku ce a kai ku kogwannin Marshall, ɗakuna 59 da aka fafe a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey sama da 130, da tsofaffin matoyar ƙarfe. Mutane sun zauna a dajin nan kafin a bar wa dabbobi shi. Ku leƙa, ku fito, ku bar ko tsakuwa a inda kuka same ta.

Dawowa kuwa kada ku ɗora wa kanku dole. In jiki ya gaji, ko iska ta yi ƙarfi, ko labarin hanya ya canja, ku sa kekuna a mota daga Bauchi. In wani ya kasa a tsakiyar tafiya, tafiyar kowa ce ta tsaya, ba a barin ɗan'uwa a baya a ce ya taho a hankali. Ku naɗa ɗayanku shugaba tun daga gida, kuɗin guzuri kuma ku raba shi aljihu biyu ko uku.

Ranar Asabar bayan la'asar ku kawo mini kekunan nan huɗu ƙofar gida. Ina so in matsa birkin kowanne da hannuna, in ga famfo da faci da idona. Akwai wani tsohon ɗalibina da ke jan mota tsakanin Kano da Bauchi, na aika masa, ya ce zai zo. Sai mu ji daga bakinsa yadda hanyar Ningi take a wannan makon, sannan mu sa rana.